Suna Linzami Ne: Yadda Muke Kiran Yaƙin 1903

 

Hausawa suna cewa suna linzami ne. Duk sunan da aka sa wa yaƙi, shi ke jan tunanin jikoki zuwa inda mai sunan yake so. Faransa ta yi shekara takwas tana yaƙi a Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, amma a hukumance tana cewa aikin tabbatar da doka ne kawai. Sai a 1999 majalisarta ta yarda a kira shi yaƙi. Mutanen Aljeriya kuwa tun farko juyin juya hali suke cewa.

To mu dawo gida. Ranar 15 ga Maris 1903, sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka kara da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Mahaya da takubba da masu suka fuskanci bindiga mai ruwa. Amma a bakinmu me muke cewa? "Zuwan Turawa." Kai ka ce baƙi ne suka yi sallama aka shimfiɗa musu tabarma. Kakanninmu sun fi mu fayyacewa, don su Nasara suke kiransu, sunan da ke nuna cewa sun ɗauki karon a matsayin na addini.

Da Attahiru ya nufi gabas, rahotannin Turawa suka mai da shi tsohon sarki mai gudu. Dubban da suka bar gonakinsu suka bi shi kuwa hijira suka kira tafiyar. A Burmi aka kashe shi ranar 27 ga Yuli 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau.

Sunan da ya fi nauyi shi ne na Satiru. A Fabrairun 1906 talakawan wannan ƙauye, da gatura da fartanya, suka kashe Turawa uku. A watan Maris aka rushe garin, aka kashe mutane wajen dubu biyu, kuma da dakarun Sakkwato a cikin rundunar. Har gobe littattafai "tawayen Satiru" suke rubutawa. Wanda ya ce tawaye ya riga ya yarda cewa mulkin da aka bijire wa halastacce ne.

Ɗalibai, idan kun zo rubuta kundinku, ku tsaya a kan kowace kalma, ku binciki bakin da ta fara fitowa. Abin da aka yi a Giginya mamaya ce, ku kira ta da sunanta.