Wanda Ya Tuba Daga Shan Giya Yana Buƙatar Abokan Zama

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa na Boɗinga da Shagari, tun shekarar 2000 aka ƙaddamar da Shari'a a Jihar Sakkwato, amma masu shan giya a ɓoye ba su ƙare ba. Idan ɗayansu ya tuba, ina zai nufa? Tsofaffin abokansa suna jiransa, mu kuwa muna ƙyamarsa.

Haramcin giya daki-daki ya sauka, a Baƙara, da Nisa'i, sannan Ma'ida. Kuma Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana la'antar wani sahabi da aka sha yi wa haddi saboda giya, ya shaide shi da son Allah da Manzonsa.

A Amurka, tun 1935 mashaya suke haɗuwa suna ƙarfafa juna a ƙungiyar Alcoholics Anonymous. Mu muka fi cancanta da wannan aiki. Kowane masallacin Juma'a ya keɓe zama mako-mako bayan Isha'i, ƙarƙashin amintaccen malami, inda masu tuba za su faɗi damuwarsu, a kuma rufa musu asiri. Mai buƙata ya sami limaminsa a keɓe.

Wanda ya daɗe yana sha kuwa, dainawa farat ɗaya kan jawo masa makyarkyata da jijjiga, har rai ya salwanta. Sai a fara kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware.

Allah Ya karɓi tubanmu, amin.