Amsoshin Wasiƙunku: Ana yin roba da sinadarin taki?

Wasiƙarmu ta yau daga wani manomi ce a Funtuwa. Ya ce ya ji ana faɗi a kasuwa wai Turawa na yin roba da sinadarin takin zamani, to shin gaskiya ne, kuma ko shi ya sa taki ke tsada?

To Malam, rabin maganar gaskiya ne. Yawancin robar da muka sani, irin su leda da bokiti, daga man fetur ake yin ta, ƙashin bayanta kabon ne. Amma akwai wata iri da aka gina da fosfaras da naitirojin, wato P da N ɗin nan da kake gani a buhun NPK. Sunanta folifosfazin.

Tun a shekarun 1890 wani Ba'amurke mai suna Stokes ya haɗa ta, sai dai da ta sha laima sai ta lalace, aka yi watsi da ita. Wanda ya shawo kan matsalar shi ne Farfesa Harry Allcock, haifaffen Ingila a 1932, wanda ya yi digirin dakta a Landan a 1956. A tsakiyar shekarun 1960, yana aiki a kamfanin American Cyanamid, shi da abokin aikinsa Robert Kugel suka lura cewa kulorin da ke maƙale a jikin robar ne ruwa ke kai wa hari. Sai suka dafa sinadarin a zafin digiri 250, suka tsayar kafin ya daskare, suka narkar da shi, sannan suka musanya kulorin da wasu sinadarai. Shi ke nan fa, ruwa ya daina cin ta. A 1966 Allcock ya koma Jami'ar Jihar Pennsylvania, ya shafe shekaru fiye da 50 shi da ɗalibansa a kan wannan roba. An haɗa iri ɗari-ɗari: wata ba ta saurin kama wuta, wata mai da tsananin sanyi ba sa taɓa ta, wata kuma likitoci na gwada ta wajen gyaran ƙashi.

Batun tsada kuwa, Malam, ka wanke robar nan daga zargi. Kaɗan ƙwarai ake yin ta, don tana da tsada. Farashin taki yana bin kuɗin iskar gas, canjin dala, kuɗin mota, da ribar dillalai. Kuma don Allah kada wani ya ɗora taki a wuta wai zai gwada, hayaƙinsa na da illa.

A ci gaba da aiko mana da wasiƙu. Mu kwana lafiya.