Amsar Wasiƙunku: Otal Ko Gidan Maigida?

Wasiƙar wannan mako daga Maiyama take, daga wani manomin albasa. Ya ce bana ya gaji da sayar wa 'yan sari a bakin gona, zai yi lodi a Aliero ya bi kayansa Kudu da ƙafarsa. Zaman zai kai kwana 40, don ƙanensa zai riƙa turo masa wata motar in ta farko ta ƙare. Tambayarsa ita ce: ya kama ɗaki a otal, ko ya sauka gidan maigida kamar yadda iyaye suke yi?

To Malam, ka fara da lissafi. A ce ɗakin otal Naira 5,000 ne kwana guda, misali ne na kawo. Kwana 40 ya tashi 200,000 ke nan, ba ci ba sha, kuma ba ka sayar da buhu ko ɗaya ba. Mai otal ba ruwansa da albasarka. Ba zai ba ka rumfa ba, ba zai nemo maka mai saye ba, in an ci ka bashi ba zai bi maka ba. Gado da fanka kawai ya sayar maka.

Maigida kuwa, wanda wasu ke kira fatoma, sana'arsa ke nan tun kaka da kakanni. Mu nan ba baƙi ba ne a wannan harka. Tun wajen 1820 da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega, fatake ke sauka a gidajen mutane su ci kasuwa, har ta zama kasuwar da ba ta biyu a ƙasar Gwandu. Haka Sabon Ibadan ya tsaya a kan masu saukar 'yan goro da 'yan shanu. Maigida zai ba ka wurin kwana, ya adana kaya, ya haɗa ka da dillalinsa, ya tsaya maka in an ɗauki kaya bashi. Ladansa yana cikin la'ada. Don haka ni dai, ga baƙon da bai san gari ba, gidan maigida na zaɓa masa.

Amma fa ba kowane maigida ba. A nan ne mutane ke kuka. Kada ka bi wanda ya tare ka a tasha yana washe baki. Tun kana gida ka je kasuwar Aliero ka tambayi waɗanda suka shekara suna wannan hanya: gidan wa kuke sauka? Ya taɓa riƙe wa wani kuɗi? In mutum uku da ba su haɗa baki ba suka ambaci suna guda, to ka riƙe shi. Da ka isa kuma, a kai ka ka gaida shugaban 'yan albasa na kasuwar, ya san fuskarka da inda ka sauka.

Ran da ka sauka, kafin a sauke buhu na farko, ku yi magana a gaban mutum biyu. La'ada nawa a buhu? Wa zai biya 'yan dako? In mai saye ya gudu, asarar wa? Wasu na jin nauyin wannan tambaya, wai kada a ce ba su yarda da mutum ba. Maigidan kirki ba ya jin haushinta. A rubuta, ko da ajami ne.

Sannan ka duba inda za a aje kayan kafin ka duba inda za ka kwanta. Kudu akwai danshi, albasa kuwa iska take so. In ka ga rumfa ta toshe, ko ana jibge buhuna a ƙasa ba katako, kwana kaɗan za ka fara jin wari.

Kuɗi kuma kada su kwana ƙarƙashin matashinka. A 2021 da rikici ya tashi a kasuwar Shasha ta Ibadan, rumfuna da gidaje sun ƙone, mutane sun fita da rigar jikinsu kawai. Abin da ka sayar yau, ka zuba shi banki yau, ko ka tura gida. Masu nufin Gana kuma su sani, tun 2021 aka tashi 'yan albasar Agbogbloshie ta Ankara aka mai da su Adjen Kotoku, kada ka ɗauki kwatancen da.

In kuwa dole sai otal, don wani ba ya iya kwanan mutum goma a ɗaki, to ka nemi na kusa da kasuwa, ka yi cinikin mako ko wata, sun fi rangwame. Kada ka biya duka a tashi ɗaya. Biya na mako, ka karɓi rasit, ka ga ruwansu da makullinsu tukuna.

Mai wasiƙa daga Jega da ya yi tambaya kan tsutsar masara, ka yi haƙuri, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.