Jawabi A Kan Bindiga Cikin Bariki

Gardama ta tashi a Amurka: soja shi riƙa yawo da bindiga cikin bariki, ko a bar ta ɗakin makamai?

A 2009, a barikin Fort Hood, wani manjo likita, Nidal Hasan, ya kashe mutum 13. Waɗansu sunka ce da kowa na da bindiga, da an tare shi. A 2016 hukumar tsaro ta ba kumandoji ikon yardar ma sojan da ya nemi izini.

Mu dai muna cewa a yi hankali. Maɓarnacin nan ɗan gida ne. A 2014, a barikin nan, soja ne kuma ya kashe mutum 3. A 2025, a Fort Stewart, wani sarjan ya raunata 5 da bindigarsa ta kansa, abokan aikinsa sunka kā da shi hannu wofi.

In harbi ya tashi, kowa riƙe da bindiga, ƙaƙa masu gadi za su gane mugu? Masu gadi su riƙe nasu makamai. Sauran su kwana ɗakin ajiya, mabuɗi hannun kumandan.

Allah shi kiyaye.