Jeruwar Duniyoyi Ba Abin Tsoro Ba Ne



Lokaci lokaci akan baza jita-jita cewa duniyoyi za su jeru a sama, su haɗa ƙarfi su ja duniyarmu har ƙasa ta tsage. An yi wannan magana a 1982, an sake yi a watan Mayu na 2000, kuma duk ranakun sun wuce lafiya. Ina so in nuna mana dalili, domin kada wani ya ƙara tsorata mu.

A 1687 Isaac Newton na Ingila ya bayyana cewa kowane abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa. Abu biyu ke ƙayyade ƙarfin jan: nauyi da nisa. In nauyi ya ƙaru, ja ya ƙaru. In nisa ya ninka biyu, ja ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Rana ita kaɗai ta ɗauke fiye da kashi 99 cikin 100 na nauyin duk abin da ke cikin tsarinta, shi ya sa duniyoyi ke kewaya ta. Wata kuma yana kewaya mu kamar dutse a cikin majajjawa: duniya tana jansa, gudunsa yana hana shi faɗowa.

To, mu gwada biyu. Mushtari, wato Jupita, shi ne babba cikin duniyoyi, nauyinsa ya kai na duniyarmu sau 318. Wata kuwa sai an tara irinsa 81 kafin su kai nauyin duniya. Amma wata maƙwabci ne, nisansa kamar kilomita 384,000, shi kuwa Mushtari ko ya matso ƙwarai yana wajen kilomita miliyan 600. Saboda haka jan da wata ke yi mana ya fi na Mushtari kusan sau 100.

Abin da ke motsa ruwan teku, kamar yadda ake gani a Legas yana cikowa yana janyewa, shi ne bambancin ja tsakanin gefen duniya na kusa da na nesa. A nan aikin wata ya ninka na rana kanta. Duniyoyi kuwa, ko duka sun jeru, aikinsu bai kai ɗaya cikin 10,000 na aikin wata ba. Bugu da ƙari, kowane wata, shi watan yakan matso zuwa kilomita 363,000, ya koma wajen 405,000. Canjin da wannan ke kawowa ya fi duk abin da jeruwar duniyoyi za ta iya yi, ga mu kuwa muna barcinmu.

Ban ce duniyoyi ba sa jan juna ba. Suna ja, kuma ana iya lissafa shi daidai. A 1846 masana sun ga wani abu yana karkatar da Yuranus daga hanyarsa, suka yi lissafi, suka juya madubin hangen nesa, sai ga Neftun inda lissafi ya nuna.

Maganar ranar ƙarshe na bar wa fastocinmu. Roƙona shi ne, in irin wannan saƙo ya shigo wayarku, kada ku tura wa kowa, kada kuma wani ya fasa shuka ko ya sayar da kayansa. Ku fita da yara bayan faɗuwar rana, ku nuna musu Zara in ta fito.