Jawabin Malamin Lakkol Kan Sayen Motar Ƙungiya



Mun tara kuɗin sayen tsohuwar mota mai shiga rairayi, domin kai mai naƙuda asibitin Dungass ko Magarya. Ina roƙonku, kada arha ta ruɗe mu. Land Rover ɗin da aka nuna mana ta fi sauƙin kuɗi, amma kayan gyaranta wuya gare su. Na Toyota Hilux kuwa, akwai su Damagaram da Ƙofar Ruwa ta Kano. Kafin mu biya, makanikinmu ya duba inji da giya, a gwada ta cikin rairayi. Mu kuma ware rubu'in kuɗin saboda gazuwal, tayoyi da juyen mai. Ranar da ta lalace babu kuɗin gyara, amalanke za mu koma.

Allah ya yi mana jagora.