Makin JAMB, Kiredit Biyar da Yaran Gobir: Jawabi a Taron Shekara

Shugaban taro, malamanmu masu daraja, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, barkanmu da sake saduwa.

An nemi in yi bayani kan yadda ake auna yaro kafin a ba shi gurbi a jami'a, domin iyaye da yawa a Unguwar Lalle, Sabon Birni da Isa suna ɗauka cewa da zarar yaro ya ci JAMB, magana ta ƙare.

Tun da aka kafa hukumar JAMB a 1978, ita ce ƙofar farko. Yaro zai rubuta darussa huɗu, dole Turanci na ciki, jimillar maki 400. Daga 2005 jami'o'i suka fara nasu tantancewar bayan JAMB. Wasunsu, kamar Jami'ar Legas, har maki suke ba sakamakon WAEC ko NECO, ta yadda mai A1 ya fi mai C6.

Ga tsarin jami'o'in tarayya, ana raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari ga cancanta zalla, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari baya a ilmin boko. Sakkwato tana cikin waɗannan jihohi, kuma tana cikin kewayen Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ke nan ɗanmu yana da hanya uku.

To, ina matsalar take? Duk hanyoyin nan uku ba su buɗe wa wanda ba shi da kiredit biyar, har da Turanci, da kuma Lissafi a fannonin da ke buƙatarsa. Kason jiha yana iya sassauta makin JAMB, amma ba ya yafe rashin kiredit ɗin da ake buƙata. Kuma a fannoni irin su likitanci da shari'a, 'yan jiharmu ma da junansu suke gasa, mai maki mafi yawa shi ke shiga.

Mu da fensir muka rubuta JAMB. Tun daga 2015 da kwamfuta ake rubuta ta. Yaron da rashin tsaro ya katse masa karatu, kuma bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, makinsa ba zai nuna iyakar basirarsa ba.

Saboda haka ina ba ƙungiya shawara uku. Mu ɗauki nauyin malamin Turanci da na Lissafi tun daga aji ɗaya na babbar sakandare, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu sayi kwamfutoci ko da biyar ne, da fitilar sola. Sannan kowane ɗayanmu mai albashi ya biya wa yaro ɗaya kuɗin fom da na mota, kada a manta da 'yan mata.

Malamanmu, kun yi naku. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.